Yaushe Ɗan Kasuwarmu a Legas Zai Nemi Lauya Ko Akanta?

Ranar 1 ga Maris, 2024, Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin kamfanonin canjin kuɗi 4,173 a tashi ɗaya. Duk wanda ya san Legas ya san labarin ya taɓa mutanenmu, domin daga Broad Street zuwa Allen da kewayen filin jirgin sama na Ikeja, da wuya a yi cinikin dala ba ka ji Hausa ba. Abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne dalilan da bankin ya lissafa: rashin biyan kuɗin sabunta lasisi a kan kari, rashin miƙa rahoton hada-hada, da rashin bin ƙa'idojin hana halasta kuɗin haram. Na farko da na biyu duk aikin takarda ne. Mutumin da zai buga maka canjin dala dubu goma da ka kafin ka zaro waya, sai ga shi an rufe masa ƙofa saboda rahoton da ba wanda ya zauna ya rubuta.

Yawancinmu da girman jari muke auna maganar neman ƙwararre. Sai ka ji mai shago ya ce, "Ni wane ne da zan ɗauki lauya? Ai wannan sai su Ɗangote." Ni kuwa a ganina jari bai isa ya zama ma'auni ba. Akwai mai juya miliyan ɗari a wata wanda bai buƙaci lauya ba tukuna, akwai kuma mai jarin miliyan uku da zai yi asarar rabinsa gobe idan bai nemi wanda zai karanta masa shafi biyu yau ba.

A fara da yadda muke kasuwanci tsakaninmu. Motar albasa ta taso daga Aliero ko tumatir daga Kano, ta sauka a Mile 12 da asuba. Dillali ya karɓa, ya sayar, ya cire la'adarsa, mai kaya yana Arewa ya ji alat. Ba a rubuta komai ba, ba a sa hannu a ko'ina ba. Haka ake yi a kasuwar shanu, haka masu goro a Agege suka gada tun kakanni. Idan magana ta taso, akwai shugaban kasuwa, akwai Sarkin Hausawan unguwa, akwai liman. A zauna bayan La'asar, a saurari kowa, a yanke. Abin da ke riƙe da wannan tsari shi ne kowa ya san gidan uban kowa, kuma wanda ya ci amana ya san gobe ba mai ba shi kaya. Yana da sauri, ba ya cin kuɗi, yana kuma barin mutane su ci gaba da gaisawa. Ba zan taɓa ba wa dillalin Mile 12 shawarar ya kawo lauya tsakaninsa da ubangidansa na shekara ashirin ba, don zai ɓata abin da ya fi takarda ƙarfi.

Sai dai tsarin yana da iyaka, kuma iyakar ce amsar tambayarmu. Kafin ka miƙa kuɗi ko ka sa hannu, tambayi kanka: idan wannan magana ta lalace, wa zai iya kiran mutumin nan ya zo ya zauna? Idan Sarkin Hausawa ko shugaban kasuwa zai aika masa ya zo, kana cikin gida. Idan kuwa banki ne, ko hukumar haraji, ko kamfanin jirgin ruwa, ko dangin masu ƙasa a Ikorodu, ko wani babban kanti a Lekki, to ka fita daga inda kunya ke aiki. A can abin da aka rubuta shi ne ya faru, abin da ba a rubuta ba kuwa kamar ba a yi ba. Tambaya ta biyu tana biye da ita: idan na yi kuskure a nan, zai gyaru? Kuskuren farashin buhu ɗaya ciniki na gaba zai rufe shi. Kuskuren sayen filin da ba na mai sayarwa ba kuwa, sai dai a yi ta zaryar kotu.

Maganar fili da haya ita ce ta fi cin mutanenmu a garin nan, don haka zan daɗe a kanta. A ce ɗan kasuwa ya samu sito a Mushin ko Ijora, hayar shekara naira miliyan 3. A al'adar Legas, bayan kuɗin haya sai ya biya kamashon ejan, ya kuma biya kuɗin rubuta yarjejeniya, sau da yawa kashi goma-goma cikin ɗari. Sai ya koma gida hankalinsa kwance, yana cewa ai har lauya ya biya. Ya biya kam, amma lauyan mai gida ya biya. Wanda ya rubuta takardar nan mai gida yake wa aiki, kuma duk jimlar da ke ciki an tsara ta ne don kare mai gida. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta tanadi wa'adin wata shida ga mai biyan haya shekara-shekara kafin a tashe shi, amma wannan sai idan yarjejeniyar ba ta faɗi wani wa'adi daban ba. Layi ɗaya a shafi na uku zai iya mayar da wata shidan nan wata ɗaya. Wani layin zai ce duk gyaran da ka yi, da ƙofar ƙarfe da silin da wayarin, sun zama na mai gida ran da ka fita. Wani zai hana ka sanya wani a gefen shagon. Dokar ma ba ta shafi Apapa da Ikoyi da Victoria Island da Ikeja GRA ba. Lauyanka na kanka zai karanta wannan takarda cikin awa ɗaya, kuma abin da zai karɓa bai kai kuɗin ƙofar ƙarfen ba.

Ga yadda abin kan kasance a zahiri. Ejan yana tsaye da makulli a hannu yana kaɗawa, wayarsa tana ta ƙara. "Alhaji, akwai wani Inyamuri da zai biya yau da yamma, ni don mutunci na riƙe maka." Yaron Alhaji mai sakandare ya karɓi takardar, ya duba sunan da adadin kuɗin, ya ce, "Baba, daidai ne." Suna da kuɗi kam daidai suke. Sauran shafi huɗun ne ba wanda ya karanta. Duk cinikin da aka ce maka ba zai jira kwana biyu a duba takarda ba, gaggawar kanta alama ce.

Sayen fili ya fi haka haɗari nesa ba kusa ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma sayar da fili mai takardar mallaka bai kammala ba sai da amincewarsa. Rasit ɗin dangi da hoton da aka ɗauka ana miƙa kuɗi ba sa maye gurbin wannan. Kafin a biya ko sisi, lauya zai je ofishin filaye na Alausa ya bincika sunan wa ke kan filin, ko an jinginar da shi a banki. Safiyo mai rajista zai auna, a duba ko filin yana cikin wanda gwamnati ta riga ta karɓe, ko yana kan hanyar ruwa ko titin da za a fitar nan gaba. Idan filin dangi ne, sai an tabbatar shugaban dangin da manyansu sun sa hannu, don in ba haka ba, shekara biyu masu zuwa wani reshen dangin zai zo ya ce ba da shi aka yi ba. Fitinar omo-onile, wato 'ya'yan dangin masu ƙasa, ta kai har jihar ta yi doka ta musamman a kanta a 2016. A wannan fage ba na ganin akwai wani ƙaramin ɗan kasuwa. Wanda duk zai sayi fili a Legas ko a bakin iyakar Ogun yana buƙatar lauya da safiyo, kuma ba waɗanda mai sayarwa ya kawo ba.

Akanta kuma buƙatarsa a hankali take shigowa, shi ya sa ba a lura. Alamar farko ita ce ciniki yana ƙaruwa, aljihu kuwa yana nan yadda yake. Shago cike da mutane daga safe har dare, amma ran da za a saro kaya sai an nemo rance. Idan ka bi diddigi, sai ka tarar aljihun shago da na gida ɗaya ne. Cefane daga nan, kuɗin makaranta daga nan, gudummawar biki a Katsina daga nan. Kwastomomi suna tura kuɗi asusu uku: na maigida, na POS, da na Opay ɗin yaron shago. Littafin bashi yana nan, amma rabin sunayen laƙabi ne, wasu an soke su da biro ba a san ko an biya ko an yafe ba. Mai irin wannan shago bai san ribarsa ba, kuma wanda bai san ribarsa ba, ko zakkar dukiyarsa da ƙiyasi zai fitar. Malam zai gaya maka nisabi da kashi biyu da rabi cikin ɗari, amma ba shi zai ƙirga maka kayan sito da bashin da ake sa ran biya ba.

A wannan mataki ba sai ka ɗauki akanta aiki da albashi ba. Abin da kake buƙata shi ne wanda zai zo ya zauna da kai kwana biyu ko uku, ya raba asusun kasuwa da na gida, ya tsara littafin shiga da fita yadda yaronka zai iya cikewa, ya yanka maka albashin da za ka riƙa ɗauka duk wata. Daga nan ya riƙa leƙowa bayan wata uku-uku. Wasu suna jin nauyin wani ya ga cikin lissafinsu, kuma na fahimci wannan, domin rufin asiri abu ne mai daraja a wurinmu. Amma akanta mai rajista da ICAN ko ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, yana da ƙa'idar riƙe sirri da ƙungiyarsa za ta hukunta shi a kai. Yaron shagon da kuɗinka ke bi ta wayarsa ba shi da wannan takunkumi.

Haraji shi ne inda abin ya sauya a 'yan shekarun nan. Dokar kuɗi ta 2019 ta ɗaga harajin VAT daga kashi 5 zuwa 7.5, ta kuma yafe wa kamfanonin da cinikinsu bai kai miliyan 25 a shekara ba harajin kamfani. A watan Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji da aka tsara su fara aiki daga Janairun 2026, har aka sauya wa hukumar haraji ta tarayya, FIRS, suna ta koma NRS. Mai shago ba zai iya bin duk wannan ba, kuma ba aikinsa ba ne. Abin da ya wajaba ya sani kaɗan ne. Wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai, shi da kasuwancin abu ɗaya ne a idon doka, harajin kuɗin shigarsa na jiha ne, wato na hukumar haraji ta Legas, LIRS. Wanda ya yi rajistar kamfani mai Limited, kamfanin ya zama mutum mai zaman kansa, harajinsa na tarayya ne, ko da an yafe masa biya sai ya miƙa bayanan shekara. Mai ma'aikata yana miƙa wa LIRS bayanan harajin albashinsu kafin ƙarshen Janairu, shi kuma na kansa kafin ƙarshen Maris.

Sai wasiƙa. Ran da takarda ta zo daga hukumar haraji ɗauke da adadin da suka ce ana bin ka, ran nan za ka nemi ƙwararre. Doka ta ba da kwana 30 a rubuta ƙorafi, idan suka wuce adadin ya zauna. Na sha ganin irin wannan wasiƙa an ninke ta an cusa ƙarƙashin sikeli, ana jiran wani ɗan'uwa da ya san wani a ofishin. Sanin wani ba ya tsayar da kwanakin nan.

Yawancin masu Limited a cikinmu ma ba buƙata ce ta sa suka yi ba, sha'awar sunan ce, ko wani ejan ya ce ya fi daraja. Bayan an karɓi satifiket an liƙa a bango, sai a manta cewa duk shekara akwai bayanin da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ke jira, tara tana taruwa, har kamfanin ya koma cikin jerin marasa aiki. Ba a ganewa sai ran da banki ko mai ba da kwangila ya duba. Zama na rabin awa da wanda ya san aikin, kafin rajista, ya isa ya nuna maka wanne ya dace da kai.

Tashar jiragen ruwa ba ta buƙatar dogon bayani. Wanda zai shigo da kwantena ta Apapa ko Tin Can sai da ejan mai lasisin kwastan, kuma lokacin nemansa shi ne kafin a buɗe Form M, wato takardar neman shigo da kaya da ake cikewa ta banki, tun kaya ba su baro Chana ba. Shi zai gaya maka rukunin da kayan suka faɗa, harajinsu, da ko suna buƙatar takardar SON, hukumar kula da ingancin kaya, ko NAFDAC. Wanda ya jira sai jirgi ya iso, kowace rana kuɗin ajiya na tasha da na kamfanin jirgi suna hawa, kuma ba a yi musu ciniki.

Haka mai kilishi a Agege ko mai yaji da kunun aya da wani babban kanti ya ce ya kawo kaya. Ranar murna ce, amma ita ce ranar da ya tsallaka iyaka. Za a nemi lambar NAFDAC, za a zo duba inda ake haɗa kayan, za a ba shi yarjejeniyar da ta faɗi bayan kwana nawa za a biya shi da kuma wanda zai ɗauki asarar abin da bai sayu ba. Mai jari kaɗan da aka ce sai bayan wata biyu za a biya shi, ciniki mai kyau ma zai iya durƙusar da shi. Wannan lissafi ne da ya kamata wani ya buga masa kafin ya amsa.

Akwai wuri ɗaya da ma'aunina na farko bai isa ba, kuma shi ya fi damuna: haɗin jari tsakanin 'yan'uwa da aminai. Nan kowa na gida ne, Sarki zai iya kiran kowa. Amma ba zai iya kiran mamaci ba. Wa da ƙane sun haɗa kuɗi sun sayi tirela, ko aboki ya ba aboki jari a raba riba, shekara goma lafiya lau. Ran da ɗaya ya rasu, magada suka taso daga gida, sai a rasa wanda ya san nawa ne uwar kuɗi, nawa ne riba, shagon na waye. Banki kuma zai rufe asusun mamacin har sai an kawo takardar izinin kula da gado daga sashen gado na Babbar Kotu, abin da kan ɗauki watanni, kaya suna lalacewa, masu bin bashi suna sallama. Mun ɗauki rubutu tsakanin 'yan'uwa kamar zargi ne, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, a samo marubuci ya rubuta da adalci, a kafa shaidu. Marubucin nan mutum ne na uku, daga waje. Wanda ya ce wa ɗan'uwansa, "Yaya, mu je a rubuta saboda yaranmu," bai zarge shi da komai ba.

Duk da haka, ba kowane abu ne ake biya a kai ba, kuma akwai masu cin abinci da tsoron da muke yi wa ofis. Rajistar sunan kasuwanci mutum zai iya yi da kansa a shafin CAC, kamar yadda masu POS da yawa suka yi da aka tilasta musu a 2024. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa kamfani shi kaɗai, ta kuma ɗauke wa ƙaramin kamfani wajabcin naɗa sakatare da odita. Wanda ya ce maka dole sai ka biya shi waɗannan duk shekara, ka tambaye shi a wane sashe aka faɗa. Idan wani wanda ba na gida ba ya riƙe maka kuɗi, Legas ta buɗe kotun ƙananan basussuka a 2018 don bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba, inda mutum zai iya tsayawa da kansa ba lauya, an kuma tsara a gama shari'a cikin kwana 60. Akwai cibiyar sasanci ta gwamnatin jiha da ke sulhu kyauta. A irin waɗannan wurare rasit da saƙonnin waya da shaidar tura kuɗi su ne lauyanka.

Zaɓen mutumin shi ne sauran aiki. Ka bambance ƙwararre da ɗan bakin ƙofa, wanda ke tsaye a harabar ofis da jaka yana cewa ya san kowa a ciki. Lauya na gaske yana da ofis, yana manna hatimin ƙungiyar lauyoyi mai sunansa a takardun da ya rubuta. Akanta yana da lambar rajista. Ejan ɗin gidaje a Legas ana sa ran ya yi rajista da LASRERA, hukumar jihar mai kula da harkar gidaje da filaye. Jin Hausa alheri ne, don za ka fahimci abin da ake gaya maka ba tafinta, kuma yanzu akwai 'ya'yanmu haifaffun Agege da Idi-Araba da suka karanci lauya da akanta, sun san garin, suna jin Yarbanci. Amma zama ɗan gida bai wadatar ba. Ka tambaye shi irin wannan aiki nawa ya taɓa yi, domin lauyan da ya ƙware a beli a ofishin 'yan sanda ba lallai ne ya san binciken fili ba.

A yi jinga tun farko, a rubuce: aikin kaza, kuɗi kaza, zuwa rana kaza, a kuma ware kuɗin gwamnati daban da ladan aikinsa. Haraji da kuɗin hukuma a biya su kai tsaye a asusun gwamnati, rasit ya fito da sunanka. Lambar waya da imel da za a yi rajista da su a CAC ko hukumar haraji su zama naka, domin akwai waɗanda sai ran da suka saɓa da ejan suke gane cewa makullin kamfaninsu yana wayarsa. Asalin takardu su kwana a hannunka, shi ka ba shi kwafi. Lambar sirrin banki da lambar da ake turowa ta waya kuwa ba aikin da ke buƙatarsu. Idan ya gama, ka sa ya zauna ya yi maka bayanin abin da ya yi da bakin da za ka gane, har sai ka iya maimaita wa ɗanka. Wanda ya ƙi yin bayani, ko ya ce maka abin ya fi ƙarfin fahimtarka, ka biya shi na wannan aikin, na gaba ka nemi wani.